Kafin katafila ta iso: buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan tsohuwar elemantaren garinmu

Zuwa ga Shugaban Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta jiharmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yallaɓai, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki, Allah ya taya ka riƙon wannan amana. Ni tsohon malamin makaranta ne, na ajiye alli tuni, ina zaune a garin da aka binne cibiyata. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa jan fenti ne.

Kwanakin baya wasu mutane suka zo firamaren garinmu da mota, suka yi aune-aune, suka rubuta abin da za su rubuta. Da za su tafi, ɗayansu ya buɗe gwangwanin jan fenti ya shafa ƙatuwar alama a bangon tsohon ginin da ke gabashin filin makaranta. Hedimasta ya tambaya, aka ce masa an ba mu sababbin azuzuwa, a nan za a kafa su, tsohon gini kuwa zai tafi. Labarin azuzuwan ya faranta mana rai, domin yaranmu sun yi yawa, wasu a ƙasa suke zama, wasu a gindin bishiya. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Sai dai fili ne da mu har ya yi mana yawa. Daga yammacin makarantar har bakin rafi babu komai sai tumfafiya. Shi ya sa muka kasa gane dalilin da sai an kashe wani gini kafin a haifi wani.

Ban ambaci sunan garin a nan ba da gangan. Takardar da kwamitin kula da makaranta ya kai ofishinka tana ɗauke da suna da sa hannun mai gari. Ba na so wannan magana ta zama jifa ga sakataren ilimi ko ɗan kwangila, su abin da suka gani a takarda shi suke bi. Sannan kuma garinmu ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya yi yawon koyarwa a karkara irin wanda na yi, ya san akwai irin wannan gini a garuruwan hakimai da dama, wasu sun zama ɗakin ajiye karyayyun benci, wasu awaki ke kwana a ciki, wasu an riga an share wurinsu.

Bari in kwatanta maka ginin, don na tabbata a takardar da aka kawo maka abin da aka rubuta bai wuce "tsohon ginin ƙasa, ya lalace" ba.

Ɗakuna biyu ne, da ɗan ofis a tsakaninsu. Dattawa sun ce zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, aka gina shi, tun kafin yaƙin Hitila. Bangonsa na tubali ne, irin wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a jera shi tsininsa na kallon sama, a bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ƙasar daga kududdufin bayan gari aka haƙo ta, aka cuɗa da ciyawa, aka bar ta kwanaki tana ruɓa ana sake tattakawa kafin a ɗora ko tubali ɗaya. Gindin bangon yana da kaurin da in ka zauna a bakin taga sai ka ɗauka dakali ne, amma yana hawa yana sirancewa, don kada nauyin sama ya fi ƙarfin ƙasa. Dogayen bangayen biyu suna fuskantar kudu da arewa, a nan aka huda tagogi, iska na ratsawa amma rana ba ta faɗowa kan allo. Bangon gabas kuwa, wanda aka shafa wa jan fentin, ko taga ɗaya babu a jikinsa. Maginin ya san daga gabas hadari ke tasowa, ya san nan ne ruwa zai riƙa duka, sai ya toshe shi ya ƙara masa yaɓe na makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Ƙasan ɗakin daɓe ne. Kakata tana cikin matan da suka daɓe shi, har ta rasu in ta wuce wurin sai ta faɗa.

Rufin ɗakin farko shi ne abin da nake so ka zo ka gani da idonka. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma tana da iyaka. In ka gitta ta a tazarar da ta wuce kamar ƙafa shida ka ɗora mata nauyin ƙasa, sai ta lanƙwashe. To aji ya fi ƙafa shida nesa ba kusa ba. Hanya mai sauƙi ita ce a kafa ginshiƙi a tsakiyar ɗaki, amma ginshiƙi zai tare wa rabin yara allo. Sai maginin ya yi bakan gizo. Ya dasa azara a cikin bango tana leƙo waje, ya ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, ya ɗaure da igiya, ya yaɓe, ya jira ta bushe, ya ƙara, daga wannan bango da wancan, har suka haɗu a sama. Baka biyu ya yi suka gitta juna, abin da magina ke kira daurin guga. A kansu ya shimfiɗa gajerun azara, ya bi da zana, ya zuba ƙasa, ya rufe da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara don ya kore ruwa. Ya ja rawani a gefe, ya sa indararo, ya tsayar da zanko a kusurwoyi.

Yallaɓai, wannan sana'a ita ce dai wadda Babban Gwani Muhammadu Mikha'ilu ya yi aiki da ita a Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, wanda masana gini daga ƙasashen waje suke zuwa aunawa da ɗaukar hoto. Ita ce a sorayen sarakuna. Ba na cewa ajinmu ya kama ƙafar masallacin Zariya, wane ni. Abin da nake cewa shi ne, wani magini a ƙauye ya ɗauki irin rufin da ake yi wa sarki ya yi wa 'ya'yan talakawa, don kawai kowane yaro ya hangi allo. Ɗaki na biyu kuwa tun ina yaro aka sauke soronsa aka buga kwano, don haka a gini ɗaya za ka ga zamani biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa.

Kuma za ka ji bambancinsu a jikinka. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ajin bulo mai rufin kwano wanda silinsa ya zube yakan koma tanda tun kafin sha biyu. Yara na gyangyaɗi, malami na zufa, darasi sai dai a cika lokaci. In kuma damina ce, ruwa na sauka a kan kwano, sai malami ya yi shiru ya jira, don ko kururuwa ya yi ba mai jin sa. Ɗakin soro ba haka yake ba. Kaurin ƙasar yana riƙe zafin rana, bai gama ratsowa ciki ba sai yamma, lokacin an tashi. Da hunturu kuma ɗumin da ya sha jiya shi yake saki da safe. Shekarun da na yi ina hedimasta, duk malamin da aka kawo sabo, kafin wata ya zagayo sai ya zo yana roƙon a ba shi wannan ɗaki.

Na san akwai masu cewa ginin Nasara ne, me za a adana a ciki. A majalisar ƙofar gidan mai gari ma an faɗa mini haka. Amsata ita ce, Nasara ya ba da umarni, gaskiya ne, amma kuɗin daga baitulmalin En'e suka fito, wato harajin kakanninmu da jangalin shanunsu. Ƙasar tamu ce, giginyar daga fadamarmu aka saro, hannun da ya ɗaura azarar na ɗan garin nan ne. Kuma abin da ya faru a cikinsa tarihinmu ne, da daɗinsa da ɗacinsa. Mahaifina a rumbu aka ɓoye shi ranar da dogarin hakimi ya zo ɗaukar yaran boko, tari ya tona masa asiri. Mahaifiyarsa ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Shi ne daga baya ya zama mai karanta wa mutanen unguwa wasiƙa da Gaskiya Ta Fi Kwabo. A ɗakin nan aka yi ajin Yaƙi da Jahilci na manya da yamma a shekarun 1950. A nan mahaifina ya jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, a nan mahaifiyata ta jefa tata ta farko a 1979, bayan matan Arewa sun sami wannan dama. A nan aka yi mana lambar agana. A nan ni ma na fara riƙe alli a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka yi ambaliya har muka rasa inda za mu zuba su. Allon da ke jikin bango, wanda muke baƙantawa da gawayi da ƙaro duk ranar Juma'a, yana nan. Guntun ƙarfen dogo da monita ke bugawa a tashi tara, yana nan rataye a darbejiya.

Kai ma ka san yadda boko ya shigo ƙasar nan. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano. A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, daga baya ta zarce Zariya ta zama Barewa. Tsani ne mai hawa uku: elemantare a garin hakimi, midil a babban birnin lardi, sannan kwaleji. Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Katsina suka bi. Shehu Shagari kafin ya ga midil ta Sakkwato da Kwalejin Kaduna, sai da ya yi elemantare a Yabo daga 1931 zuwa 1935. Yau Gidan Ɗan Hausa yana tsaye a Kano ana kula da shi. Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda ita ma ginin ƙasa ce, tun kafin samun 'yancin kai aka sa ta cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, yanzu gidan adana kayan tarihi ce. Madalla da haka. Amma saman tsanin ke nan aka adana. Matakin farko, wanda kowa sai da ya taka shi kafin ya hau, shi ne aka bar wa gara da jan fenti. Babu wanda ya faɗo Kwalejin Katsina daga sama. Kowanensu daga wani ɗaki irin namu ya fito, da ɗan wandonsa da ƙafarsa ba takalmi.

Yanzu bari in zo kan abin da na san shi ne a ranka, don da ni ne a kujerarka shi zai fara zo mini: ran yara. Ginin ƙasa yana faɗuwa. Kowace damina, musamman a watan Agusta, muna jin labarin gidajen da suka rufta da mutane. Ba zan ce maka ƙarya ne ba, kuma ba zan ce ginin namu lafiyarsa ƙalau ba. Bangon gabas ya tsage daga ƙarƙashin indararo. Gindin bangon arewa ya zaizaye. Jemagu sun tare a ɗaki na biyu. Mu da kanmu muka fitar da yara daga ciki, kuma ba mu ce a mayar da ko yaro ɗaya ba sai wanda ya san gini ya duba ya ce an gyara. Duk tarihin duniya bai kai ran yaro guda ba.

Sai dai a tambayi abin da ya kawo tsagewar. Ginin ƙasa ba ya mutuwar fuju'a, jinya yake yi, kuma yana nuna ciwonsa shekara da shekaru kafin ya faɗi. Ciwon kusan kullum ɗaya ne: ruwa ya sami wurin kwanciya. Indararo ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, ruwa ya taru a kan soro ya nemi hanya ta cikin bango. Ko ruwan da ke zubowa ya riƙa fantsama a gindi yana cin sa. Ko a daina yaɓe. Da, kowace shekara bayan an gama girbi akan yi gayya a yaɓe makaranta, En'e ta ba da abin goro, magini ya hau ya duba rufi. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 En'e ta kau, makaranta ta zama "ta gwamnati", kowa ya naɗe hannu, yaɓen ya koma sai an tuna.

Babban laifin kuma, in faɗa maka gaskiya, nawa ne. Ina hedimasta muka tara kuɗi a ƙungiyar iyaye da malamai muka shafe bangon gabas da siminti, muna murna mun huta da yaɓe har abada. Wani tsohon magini ya tsaya yana kallonmu, ya ce, "Malam, kun sa wa mai ƙurji rigar leda." Muka yi dariya. Ashe siminti da ƙasa ba sa zama da juna. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, tana kumbura tana motsewa, siminti kuwa ƙandare yake. Sai ya rabu da bangon ta ciki, ya yi 'yar tsaga, ruwa ya shiga ya rasa mafita, ƙasar ta yi ta jiƙa a ɓoye alhali daga waje kana ganin bango sumul. In ka ƙwanƙwasa wurin yanzu sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Bangayen da ba mu taɓa ba sun fi shi lafiya.

Kuma bulo ma ba layar tsari ba ne. Makarantar da ta rufta a Jos a watan Yulin 2024, aka rasa rayuka 22, Allah ya ba iyayensu haƙuri, bene ce ta siminti. A filin makarantarmu akwai azuzuwan bulo da aka gina ina tsakiyar aiki, iska ta yaye kwanonsu, daɓensu ya farfashe, ka murza bulon da yatsa yashi na zubowa. Sun tsufa sun bar kakansu a tsaye. Gini ko na mene ne, aikin da aka yi masa da kulawar da ya samu su ke riƙe shi.

Na zauna na yi tunanin abin da ya sa rushewa ta fi gyara sauƙi a wurin hukuma, sai na ga ba mugunta ba ce, tsarin kuɗin ne ya zo da haka. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha ta kawo nata kason sannan ta karɓa. Aikin da ake yi da kuɗin kuwa da ƙirga ake auna shi: azuzuwa nawa aka gina, benci nawa, ban ɗaki nawa. Akwai zane ɗaya da ake bi ko'ina, akwai farashin bulo da buhun siminti da bandir ɗin kwano. Amma babu layin da za a rubuta makuba, babu na azara, babu na ladan sarkin magina. Abin da ba shi da layi a takarda, injiniya ba shi da yadda zai yi da shi sai ya rubuta "a rushe". Ga shi kuma yaɓe ba ya ɗaukar allon kwangila, ba a yanka masa ƙyalle, ba a kiran 'yan jarida.

Ta ɓangaren doka ma akwai giɓi. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, ita ke da ikon neman a ayyana gini a matsayin abin tarihi na ƙasa, a buga a gazet, daga nan taɓa shi ya zama laifi. Shekaru da dama adadin waɗannan wurare yana tsaye a 65 a duk faɗin Nijeriya: ganuwa, fada, masallaci, hasumiyar Gobarau, Gidan Makama da makamantansu. Ba na mafarkin ajin ƙauyenmu zai shiga wannan sahu gobe. Amma tsakanin "abin tarihi na ƙasa" da "a kawo katafila" ya kamata a ce akwai wani matsayi, kuma wannan matsayi ba sai an je Abuja ba. Makarantun nan a hannunka suke. Takarda ɗaya daga ofishinka ta isa.

Kada ka ce ƙauyanci ne ko son tsohon abu irin na tsofaffi. A Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, tsohon masallacinsu na ƙasa ya yi musu kaɗan ya kuma lalace. Maimakon su rushe, sai aka gina sabo a gefe, tsohon aka gyara shi da hannun magina aka mai da shi ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Mariam Kamara, 'yar Nijar, tana cikin waɗanda suka tsara aikin, kuma ya yi suna a duniya. Masallacin Yama, shi ma a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina wa ƙauyensu Gando firamare da bulon ƙasa a 2001, ya ɗaga kwanon sama ya bar iska tana bi ta ƙarƙashi. Makarantar ta ci lambar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, babbar lambar masu zanen gine-gine. Makarantar ƙauye ce fa, ta ƙasa. Abin da wasu ke karɓar lambar yabo a kansa, mu muna da irinsa tun zamanin kakanni, mun shafa masa jan fenti.

To ga abin da muke roƙo, kuma ba mai yawa ba ne. Na farko dai a dakata. A matsar da sababbin azuzuwan zuwa yamma, inda fili yake, ko bulo ɗaya ba zai ƙaru a kan kuɗin kwangila ba, hasali ma an huta da kuɗin rushewa da kwashe ƙasa. Sannan a turo injiniya ya duba ginin, amma kada ya zo shi kaɗai. A haɗa shi da maginin gargajiya wanda ya taɓa ɗaura bakan gizo da hannunsa, kowa ya faɗi abin da ya gani. In sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello ko wata jami'a ta kusa za su turo ɗalibai su auna su zana, ya fi kyau, don ko bayan ranmu a san yadda aka yi shi. In duka suka haɗu a kan cewa ba ya gyaruwa, za mu haƙura, mu roƙi a bar mu mu ɗauki hoto mu cire allon da azarar. Amma ni na san ba haka za su ce ba.

Gyaran kansa ba mu ce hukuma ta ɗauka duka ba. Ƙasa tana kududdufi, ɗorawa tana daji, matasa sun ce za su yi gayya, tsofaffin ɗalibai da ke birni sun yi alkawarin kuɗin azara da ladan magina. Izini muke nema, da kuma sharaɗi a rubuce cewa da ƙasa za a gyara. A ɓamɓare simintin da na sa, a ɗinke tsagar da sabon tubali, a cike gindi a yi masa dakalin dutse da zai kare shi daga fantsamar ruwa, a sake laso a kan soro, a tsawaita indararo. Kada wani mai kyakkyawar niyya ya zo ya ce zai "zamanantar" da shi da tayil da silin na roba da fenti mai ƙyalli. Wannan ma rushewa ce, sai dai ta fi tsada.

In an gyara kuma kada a kulle. Ɗakin da aka rufe shi ke fara mutuwa, don babu mai ganin ɗigon farko. Makarantarmu ba ta da ɗakin karatu, littattafan da kuke aiko mana a kwali suke a ofishin hedimasta, ɓeraye na rabawa. Ɗakin soro ya zama na karatu, ga sanyi ga shiru. Na biyu a ajiye tsofaffin rajistoci da kundin da hedimastoci ke rubuta abin da ya faru kowace rana, waɗanda na tsince su a buhu na ajiye a gidana, a ciki har da sunayen kakannin yaran da ke aji ɗaya yanzu. Yaro ya ga sunan kakansa da tawada, da ranar da ya yi fashi saboda an tafi da shi gona, wannan darasin tarihi ne da ba na jin akwai littafin da zai ba shi.

Roƙo na ƙarshe ya wuce garinmu. Ka umarci sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi kowa ya rubuto makarantun da ke da gini tun na zamanin En'e, da hoto ko na waya ne, da halin da yake ciki. Ba aikin wata guda ba ne ma. A miƙa jerin ga hukumar tarihi da al'adu ta jiha, a nemi shekarun kafuwarsu a fayilolin larduna da ke gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna. Daga nan a kafa ƙa'ida: duk ginin da ke cikin jerin, ba a rushe shi sai da sa hannunka, bayan an ji ta bakin mutanen gari. Wasu ba za su ceto ba, na sani. Amma a ce an duba kafin a rushe.

Akwai dalilin gaggawa guda wanda ya fi damina. Maginin da ya yi mini maganar rigar leda ya rasu. Ɗansa ne ya rage mana, shi ma ya manyanta, idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa duk birkiloli ne na bulo, babu wanda ya taɓa ɗaura azara. Na je wurinsa bayan an shafa fentin. Ya ce in an ba shi rani ɗaya da samari shida masu jin magana, zai zauna a inuwa yana nuna musu, su gyara ginin su kuma koyi sana'ar. Ya ce a fara da an kwashe amfanin gona, don ƙasa ta sami lokacin bushewa kafin hadarin farko. Kafin nan mun hau mun share indararo, mun tokare bangon gabas da itace, mun kewaye wurin da ƙaya saboda yara.

Yallaɓai, gani ya kori ji. In Allah ya kawo ka wajenmu, ka zo da tsakar rana, kada ka zo da safe. Mu fara shiga ajin bulo mu tsaya minti biyar, sannan mu tsallaka mu tsaya a bakin ƙofar soron ka ɗaga kai. Mabuɗin yana hannun hedimasta, gidana kuma yana bayan masallacin Juma'a, duk yaron da ka tambaya gidan tsohon hedimasta zai kawo ka.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama lafiya.

Naka,
Tsohon hedimasta, a madadin kwamitin kula da makaranta da tsofaffin ɗalibanta.